Ramin Gishirin Malam Bulus

Kwanakin baya jikana ya kawo wasu samari biyu su ja masa wayar lantarki a sabon ɗakinsa nan Funtuwa. Ina zaune a inuwa ina kallonsu. Da suka zo kan wayar ƙasa, wadda ku kuke kira atin, sai ɗayan ya ɗauko ƙusa wadda ba ta fi taƙi ɗaya ba, ya kafa ta a busasshen yashi, ya naɗe wayar a kanta, ya kakkaɓe hannu. Na ce masa, "Kai, mene ne wannan ka yi?" Ya ce, "Baba, ai cika ƙa'ida ne kawai, ba wani aiki take yi ba." Da ina da sauran ƙarfi a gwiwa, da na tashi na ƙwace filayar daga hannunsa. Raina ya ɓaci har na kasa cin tuwon rana. Don haka ku zauna ku ji, ku da kuke ganin aikin wuta bai wuce filaya da tef ba.

Na shiga jinare, wato gidan gurzar auduga, shekara biyu bayan samun 'yancin kai. Ba yaro ba ne ni a lokacin, ina da mata da 'ya'ya biyu a Tsiga, cin rani ne ya kawo ni dakon buhu. Wanda ke kula da injinan gurza wani Kirista ne mutumin Ƙarfi, Malam Bulus, wanda ya koyi aikin ƙarfe a wurin 'yan mishan. Gajere ne, ba ya son dogon zance, kuma kullum akwai lofe a bakinsa. Sai dai lofen babu wuta. Dokar jinare ita ce kowa ya bar ashanarsa a hannun maigadi a bakin ƙofa, shi kuwa Malam Bulus har tabar yake barwa a can. Sai an tashi hutun rana yake fita gindin wani maɗaci da ke waje ya kunna. A cikin aiki tauna bakin lofen kawai yake yi, ya ce yana taimaka masa tunani.

Aikin farko da ya ba ni shi ne ban-ruwa. Garwa biyu da safe, garwa biyu da la'asar, daga rijiya zuwa bayan ɗakin inji, in juye a wani ɗan kwari da bakin bututun ƙarfe ya leƙo daga tsakiyarsa. Ba shuka a wurin, ba komai. Wata uku ina wannan. Leburori suka sa mini suna Sule mai ban-ruwan ƙarfe, duk wanda ya gamu da ni sai ya tambaya ko ƙarfen ya fara fure. Ran nan na ajiye garwa na ce wa Malam Bulus, "Maigida, in wulaƙanci ne gara ka mayar da ni dakon buhu." Ya ɗauko kwanon abincinsa ya ɗora a kan busasshiyar kwalba, ya ɗebi auduga ya yi ta goga shi da sauri, sannan ya watsa 'yan zarurruka kusa. Sai na ga suna tsalle suna manne wa kwanon. Ya ce in kai gaɓar yatsa. Na ji ɗan tsini kamar cizon tururuwa. Ya sake gogawa, ya taɓa kwanon da wayar jan ƙarfe da ta fito daga wancan bututu, zarurrukan suka zube, na kai yatsa ban ji komai ba.

Ya ce, "Sule, auduga in ta bushe tana gudu cikin bututun inji, tana ɗebe wani abu daga jikin ƙarfen. Sai ƙarfen ya zauna da yunwa. Mai yunwa kuwa warta yake yi, duk abin da ya matso sai ya wafce, wartar nan ita ce tartsatsi. Ƙasa ce kaɗai ke iya ƙosar da shi a hankali ta cikin wayar nan. Amma busasshiyar ƙasa rowa gare ta." Daga baya na ji 'yan makaranta na kiran wannan yunwar fozitif. Ku kira ta yadda kuka ga dama. Wuta ce 'yar kaɗan, ba ta kashe ko ƙuda, amma a ɗakin da iskarsa duk ƙurar auduga ce, tartsatsi ɗaya ya isa.

Ramin nan ba wasa aka yi wajen haƙa shi ba. Jinaren a kan marmara yake zaune, in ka buga diga sai ta dawo maka. Malam Bulus ya ce mako biyu aka yi ana sara kafin a kai tsayin mutum biyu. Aka sa bututu, aka jera gawayi da gishiri, gawayi da gishiri, har sama, aka rufe da ƙasa, aka bar kwarin zuba ruwa. Daga bakin bututun waya ta shiga ɗakin inji ta rarrabu, kowane inji da kowane bututun auduga da tasa. Kayan aikinmu ba su da yawa: sifana biyu, sanfefa ta goge tsatsa, gwangwanin giris, batirin mota da ƙwan tocila. Duk mako sai mun kwance mahaɗin waya, mu goge tsatsa har ƙarfen ya yi ƙyalli, mu ɗaure, mu shafe bayansa da giris. In ka shafa giris ɗin kafin ka ɗaure, Malam Bulus zai sa ka kwance duka ka sake daga farko, kuma ba zai gaya maka dalili ba sai ka gama.

Gwajin ƙwai ran Litinin muke yin sa. Mu ɗauki waya daga kan batir mu maƙala a jikin inji, ɗayar wayar ta bi ta cikin ƙwan tocila ta tafi ga wani sandan ƙarfe da muka kafa a laka bakin rijiya. In ƙwan ya kawo ja, hanya a buɗe take tsakanin inji da ƙasa. In ya dushe, akwai magana. Ban taɓa ganin mutumin nan ya yi dariya da haƙora ba sai in ƙwan ya kama da kyau.

Akwai kuma jakuna. Manoma daga Dayi da Tsiga da ƙauyukan kewaye sukan zo ɗiban angurya da jakunansu, kuma duk a bakin ramin nan suke ɗaure su. Malam Bulus ne da kansa ya kafa turakun. Jakunan na son wurin don suna lasar gishirin da ya taso, su kuma suna yini suna fitsari a kai. Wari kam ba a magana, sai ka toshe hanci. Amma ƙasar wurin ba ta taɓa bushewa ba ko a tsakiyar bazara. Yakan ce mini, "Jaki goma sun fi ka aiki, Sule, kuma ba sa ƙorafi." Masu jakunan ba su san suna yi mana wani amfani ba, su dai sun san fita Bulus, wato makaniken inji, mutumin kirki ne mai ba da wurin ɗauri a inuwa. Wani tsoho daga Dayi har ɗanyar gyaɗa yake kawo masa don godiya.

Mummunar shekarar ita ce wadda damina ta ɗauke da wuri, auduga ta zo a bushe ƙarau, kana taɓa ta tana ƙara. A shekarar ne aka kawo mana ƙaramin manaja, Malam Lawal. Ɗan gida ne, Bahaushe ɗan'uwanmu, ya yi karatu, farar riga da alƙalami uku a aljihu. Da ya zo mun yi murna, muka ce yau namu ya hau kujerar da dā sai Bature. Ba mugu ba ne, kar in yi masa ƙarya. Tsafta yake so, kuma ƙaramin sani ƙuƙumi ne. An gaya masa manyan baƙi za su zo daga hedkwata su duba jinare, tun daga ranar ba ya ganin komai sai abin da baƙi za su gani.

Sai ya sa a shafe bakin ramin nan da siminti. Aikin simintin ranar jajibirin Kirsimeti aka fara shi, bayan Malam Bulus ya tafi Ƙarfi hutun kwana huɗu. Ina zuwa da garwata na tarar an kori jakuna waje, an tumɓuke turaku, birkila na auna wurin da igiya. Na je na durƙusa gaban Malam Lawal na ce, "Ranka ya daɗe, wurin nan ba a rufe shi. Nan ne muke shayar da wayar ƙasa." Ya ce, "Waya tana shan ruwa?" Na ce, "A bari dai Maigida ya dawo." Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Kai lebura ne ko injiniya? Ba za a taɓa wayarku ba, tana nan a ɗaure. Ɗebo ruwa a kwaɓa." Da garwar da nake ban-ruwa, da ita na ɗebo ruwan da aka kwaɓa simintin. Aka shafe wurin fes, har mahaɗin wayar ya shige ciki, aka zagaye da farar ƙasa. Ya yi kyau kam, sai ka ce farfajiyar asibiti.

Da Malam Bulus ya dawo ya tsaya ya dubi daɓen. Sannan ya wuce ofis, ina biye da shi. Ya cire hula ya ce, "Malam Lawal, a ba ni izini in fasa ko da faɗin faifai ne, in riƙa zuba ruwa." Malam Lawal ya ce sai baƙi sun zo sun tafi. Malam Bulus ya ce, "To a ba ni bututu da gawayi da mutum huɗu, in haƙa wani." Manajan ya ce ana tsakiyar gurza ba zai cire mutum huɗu daga aiki ba, sai ƙarshen kaka. Malam Bulus ya ce, "Jakunan fa? Ko a gefen daɓen ne." Nan Malam Lawal ya yi dariya har da buga tebur, ya ce ya karanta littafin injinan nan daga bango zuwa bango bai ga inda aka ambaci fitsarin jaki ba. Akawuna suka taya shi dariya. Dattijon da ya kusa haifarsa, yana tsaye da hula a hannu.

Baƙin ba su zo ba. Aka ce mako mai zuwa, aka sake cewa wani makon. Mu kuwa duk Litinin muna gwaji. Makon farko ƙwan ya kama, na uku ya zama kamar garwashin da ya kusa mutuwa, na biyar sai ka kare shi da tafin hannu kafin ka ga alamar ja. Mun gwada kafa ƙarfe a bayan katanga, marmara ta lanƙwasa shi. Mun riƙa zuba ruwa a gefen daɓen yana gangarewa banza. Malam Bulus ya sa ana yayyafa ruwa a ɗakin inji, aka ce yana jiƙa auduga, aka hana. Auduga ta fara manne wa bututu kamar an shafa ƙaro, gashin hannun mutum na tashi in ya gifta, leburori na tsokanar juna da tura wa wani gwiwar hannu ya ji tsini. Sau uku Malam Bulus ya ɗauki batir da ƙwai ya kai ƙofar ofis, sau uku ana ce masa manaja na da aiki.

Gobarar ran wata Alhamis ta tashi, bayan azahar, rana tsaka kowa na gani. Ina tsugune ina zuba wa inji na biyu mai. Da idona na ga ɗan shuɗin tartsatsi ya yi tsalle a inda bututun auduga ya haɗu da akwatin tarawa, na ji ƙarar tas. Kafin in miƙe wuta ta bi bututun ta fita ɗakin ɗauri, inda ake ɗaure dilolin auduga. Wanda bai ga auduga na ci ba bai san sauri ba. Malam Bulus ne ya kashe babban inji, ya shiga hayaƙi ya jawo wani lebura, Ɗan'azumi, wanda hannayensa biyu suka ƙone har ba su sake riƙe fartanya ba. Ɗakin ɗauri ya tafi, da rumfa guda cike da dilolin auduga.

A nan baƙin suka zo, amma bincike suka zo yi. Mutum uku a bayan tebur, Malam Lawal na gefe yana fassara wa na tsakiyar, wanda Bature ne. Leburori huɗu suka shiga kafin ni, kowa ya ce ya ga lofe a bakin fita Bulus ranar. Gaskiya suka faɗa. Da aka kira ni aka ce, "Maigidanka yana shan taba?" Na ce, "Yana sha, amma..." Malam Lawal ya ce, "Abin da aka tambaye ka za ka amsa. Ranar gobara akwai lofe a bakinsa?" Na ce, "Akwai, babu wuta. Ashanarsa na wurin maigadi. Simintin nan ne..." Abin da ya juya wa Baturen bai kai tsawon abin da na faɗa ba. Ban jin Turanci, amma ina jin tsawon magana. Maigadin kuwa, tsohon soja mai lambobi a ƙirji, da aka tambaye shi sai ya ce ashana da yawa ake ba shi, ba zai iya tuna ta kowa ba. Tabar Malam Bulus na cikin aljihun maigadin yana wannan magana.

Shi kansa Malam Bulus ya shiga da batirinsa da ƙwansa, aka ce ya ajiye su a waje, ba gwaji aka zo kallo ba. Aka rubuta sakaci da taba. Aka kore shi ranar. Ya ba ni sifanunsa biyu, ya ɗaure tabarmarsa, ya hau motar Malumfashi. Shekara goma sha tara yana tsare wurin nan daga wuta, aka sallame shi da sunan wanda ya kunna ta.

Fasa daɓen ni na yi shi, da diga, da safiyar Asabar, ban nemi izinin kowa ba. Na ce in kora ce a kore ni. Ƙasar da ke ƙarƙashi ta zama kamar toka, kana ɗiba tana zuba ta tsakanin yatsu, mahaɗin wayar ya yi kore shar. Na haɗa ƙwai, ko alama babu. Na goge mahaɗin, na yi ta jidar ruwa kwana biyu har kafaɗata ta saɓule. Ran Litinin na je na tsaya a ƙofar ofis na ce ba zan gusa ba sai manaja ya fito. Ya fito. Na haɗa waya a gabansa, ƙwan ya kama ja jawur. Ya daɗe yana kallo, kuma na ga ya gane, don ba wawa ba ne. Ya ce a hankali, "Kar a sake rufe wurin nan. A dawo da jakunan." Na ce, "Malam Bulus fa, ranka ya daɗe?" Ya ce, "Takarda ta riga ta tafi, Sule." Layi ɗaya zai rubuta ya bi bayanta. Sai dai layin nan zai ambaci siminti, siminti kuwa zai ambaci wanda ya sa a kwaɓa. Bayan wata ɗaya aka ba ni aikin Malam Bulus. Na karɓa. Ina da iyali, kuma laifi tudu ne, ba zan taka nawa in yi ta hangen na Malam Lawal kaɗai ba.

Da aka rufe gurza na hau keke na tafi Ƙarfi. Na tambayi wasu mata a bakin rijiya gidan fita Bulus, suka dubi juna, ɗaya ta ce, "Wai Bulus Gobara?" Labari ya riga ni isa. Na same shi yana gyaran garma a ƙofar gida. Na gaya masa yadda na fasa daɓen da yadda ƙwan ya kama, na ce zan je majami'arsu da kasuwa in faɗa wa kowa. Ya ce, "Wa zai bar takardar Bature ya kama maganar ƙwan tocila? Bari, Sule." Na ce ya yafe mini amsar da na bayar. Ya ce, "An tambaye ka ina shan taba, ka ce ina sha. Ai ba ka yi ƙarya ba." Ya nemi aiki a wurare biyu bayan haka, duk inda aka ga takardar sai a ce babu gurbi. Noma ya koma har ya rasu. Na faɗi gaskiyar maganar a duk inda na zauna, shekara da shekaru, mutane su gyaɗa kai su ce Allah ya kyauta, gobe kuma su ce Bulus Gobara.

Bara aka kai ni asibiti a Malumfashi saboda hawan jini. Wata nas ta zo auna ni, yarinya mai fara'a, da sunanta a manne a ƙirji. Ina iya haɗa baƙi kaɗan, na karanta: Rahila Gobara. Na ce, "'Yata, mutanen ina ne ku?" Ta ce Ƙarfi. Na ce, "Ina kuka samo wannan suna?" Ta yi murmushi ta ce, "Kakanmu ne, Baba. Wai shi ya ƙona jinaren Funtuwa da tabarsa, zamanin dā. Da sunan nan aka rubuta babanmu a makaranta, shi ke nan ya bi mu."

Na riƙe hannunta na gaya mata komai, ramin da gishirin da jakunan da simintin, da yadda kakanta ya shiga hayaƙi ya jawo mutum. Na ce ina wurin, da idona na ga tartsatsin. Ta saurare ni da ladabi har na gama, tana kallon abin awon. Sannan ta gyara mini matashi ta ce, "Allah sarki, Baba. Daina magana haka nan, jininka na hawa." Ta rubuta abin da za ta rubuta, ta sa hannu da sunan a ƙasan katin, ta wuce gado na gaba.